Daren Laraba a Shagon Tanimu

Marubuta kan buɗe waƙa da yabo.
Ni da me zan buɗe?
Bari in buɗe da ƙyauren shagon Tanimu,
mai kuka kamar ɗan kwikwiyo in an ja shi,
a lungun bayan kasuwar Samaru,
inda matattun rediyoyi ke kwance jere
suna jiran mai tashinsu.

Mu bakwai ne. Da can mu tara ne.
Ɗaya Legas ta haɗiye shi,
ɗaya ya koma sahun gaba a masallacin unguwarsu.
Har yau muna gaisawa a Kwangila,
bai tona mu ba, ba mu zolaye shi ba.

Ba mu da suna.
Barau ya ce a kira mu Masu Tambaya.
Kyauta ta ce tsuntsun da ya ja ruwa, shi ruwa kan doka.
Sai muka zauna haka nan,
kamar jaririn da bai kwana bakwai ba.

Istifanus daga Wusasa yake zuwa a tsohon babur.
Shekara goma sha ɗaya yana ba da waƙa a coci,
har yanzu in yana ɗauraye kofuna
muryar takan kuɓuce masa, sai ya rufe ta da tari.
Ni ma in na yi tuntuɓe, salati ne ke fita.
Harshe ya girmi shakka.
Mukan yi dariya, mu ƙara sukari.

Da gari zai leƙo ta tagar nan
da ya sha mamakin ƙarancin abin gani:
butar shayi, biredi biyu,
gwangwanin madara da muka mayar asusu,
ɗari biyar-biyar, Cindo ke rubutawa.
Daga ciki aka biya wa 'yarsa kuɗin jarrabawa,
daga ciki aka sayo robar famfon layin su Barau,
matan layin suka ce aikin kansila ne.
Muka bar wa kansila.

Gardama kuwa ba ta ƙarewa.
Barau na so mu fito fili.
Cindo ya ce kai ba ka da 'ya'ya,
ba ka da surukin da ke ba ka hayar ɗaki.
Sai shiru ya sauko, mai nauyin buhun masara,
har Tanimu ya kunna ɗaya daga cikin matattunsa
don kada maƙwabta su ji shirun.

Da daminar bara Inna Delu ta faɗi,
mahaifiyar Tanimu,
wadda ba asubar da ba ta ambaci sunansa a sujada.
Asibitin Shika suka ce jini, leda uku.
Muka jeru a benci, hannun riga a naɗe.
Na Kyauta ya dace, da na Istifanus, da nawa.
Da ta farfaɗo ta dube mu ɗaya bayan ɗaya,
ta ɗaga hannun da allura ke ciki
ta ce Allah ya yi muku albarka.

Mu bakwai muka ce amin.
Ba wanda ya kalli wani.

A hanyar dawowa ruwa ya tare mu a wata rumfa.
Cindo yana matse hularsa ya ce,
to ni ran da na mutu, wa zai wanke ni?
Kyauta ta ce waɗanda suka saba mana.
Mu namu shi ne ɗaukar makara,
kuma kafaɗa ba ta tambayar abin da zuciya ta yarda da shi.

Ƙarfe goma muke tashi, ɗaya-ɗaya,
tsakani da tazarar shan kofin ruwa.
Ni ne na ƙarshe.
Ina riƙe wa Tanimu tocila ya sa kwaɗo,
in ce sai Laraba.
Yakan buɗe baki zai ƙara wani abu,
sai ya yi murmushi,
ya ce, sai Laraba.