Kifin da Bai Taɓa Iyo Ba

A Grimsby asuba ƙarni gare ta.
Jiragen su sun daɗe da daina dawowa,
amma bango bai manta ba,
tsuntsayen teku ma ba su manta ba,
suna kururuwa a kan kwanon rufi
kamar masu bin bashi.

Ƙarfe huɗu nake buɗe shago na tara,
tsohon ɗakin ƙanƙara.
In tace waken suyan da ya kwana a ruwa,
sai ga Doreen da tarinta,
makulli a baki, kwandon naman kaza a ƙugu.

Ubanta ya tafi su can arewa, inda ruwa ke daskarewa,
tana 'yar shekara bakwai.
Hularsa kaɗai ta dawo.
Nawa Basarke ne, a Yawuri,
ya ga giwan ruwa ta zama labari,
koma na fitowa da leda da 'ya'yan karfasa,
ya rataye gora, ya kama gadi.
Ni da ita a layin fiɗar kifin waje muka haɗu,
shekara shida kafaɗa da kafaɗa,
wuƙa na magana, mu muna shiru.

Ma'aikacin banki ya leƙo mu ta saman tabarau.
Ya ce: kifi, amma ba kifi?
Ya ba mu takarda mai sheƙi da fatan alheri.
Sai na koya musu adashi.
Mu takwas, fam hamsin duk Juma'a,
Wioletta ce uwar adashi,
tana rubutawa a bayan kwalin shayi.
Kwasar farko ta sayi injin niƙa.

Gwaji arba'in ya tafi bola.
Wani kamar soso, wani kamar takalmin roba.
Karen Doreen ya shinshina na sha tara,
ya fita waje ya kwanta a ruwan sama.

Ran wata Talata, don haushi,
na ɓantari daddawar da Yaya Tasalla ta aiko,
na jefa kan ciyawar teku da lemon tsami.
Doreen ta toshe hanci, ta ɗanɗana,
ta ajiye cokali a hankali,
ta juya tana kallon bango.
Ban tambaye ta ba.
Da muka ɓara, tsokar ta rabu falle-falle,
fara tas, tana tururi.

Mun sani, rogo ne muke so a yi wa kallon kitse.
Sai dai mun rubuta rogo a jikin kwalin,
da manyan baƙi.

A kasuwar Asabar wani tsoho, Wilf,
mai zanen anga a dantse,
ya ɗauka da yatsu biyu kamar kayan shaida.
Ya tauna, ya tauna.
Ya ce: ƙarya ne.
Ya laluba aljihu.
Ya ce: ba ni ƙaryar guda biyu, da dankali.

Inna a waya dariya ta yi har da tari:
kin tsallaka teku, Marakisiyya,
don ki soya awara?
Abin da ba ƙaya ai bai san ruwa ba.
Na ce haka ne, Inna.
Can ta ce: da Malam na nan, da ya ci.
Sai layi ya yanke, ko ita ta yanke.

Yanzu kantuna biyar ke karɓa, ɗaya ya mayar.
Bashin firiji na nan da saura,
hannuna ya tsattsage da gishiri.
In mun tashi nakan bi ta bakin Humber,
ruwan ja, mai laka, kamar na gida a damina.
Ban san me ya rage a cikinsa ba.
Ko mene ne,
yau dai ba mu taɓa shi ba,
kuma akwai waken gobe da ban jiƙa ba.