Shanya a Mafoluku

Ni mai wanki ne, ban yi karatun sama ba,
amma na san jirage kamar yadda makiyayi ya san shanunsa:
na asuba mai nishin kaya,
na hantsi mai fito,
da babban nan na dare mai jar wutsiya,
wanda in ya yunƙura kwanon rufinmu ke kyarma
har cokali ya motsa a cikin kofi.

Shekara goma sha bakwai ke nan
da na diro daga motar shanu, ɗan Maigatari,
na ɗaura igiya biyu a bayan katangar filin jirgi.
A nan muka koyi raba magana biyu:
ka fara, ka dakata ya wuce,
ka ƙarasa in ba ka manta ba.

Farar riga ce shaidata.
In shanya ta tas, ta sha bula,
kafin la'asar in sauke ta da ɗigon baƙi
kamar an barbaɗa mata kwalli.
In murza, maiƙo.
In shinshina, kananzir.
Riga dai a sake wanke ta, sabulu ne ya ji jiki.
To huhu fa?
Wa zai ciro shi ya jiƙa a baho,
ya cuɗa, ya ɗauraye, ya matse,
ya mayar wa mai shi kafin magariba?

Kubura tawa shekararta bakwai.
Da dare ƙirjinta na busa kamar sarewar kara,
in zauna ina lissafi:
jirgi ɗaya, numfashi ashirin,
jirgi biyu, ta tashi zaune tana neman iska da hannu.
Ɗan shuɗin abin shaƙar nan
kuɗinsa wankin riga arba'in ne, har da guga.

Likita a Ikeja ya ce akwai ƙurar da ido ba ya gani,
ta fi garin da aka tankaɗe sau uku laushi,
ta ratsa huhu ta bi jini.
Ya ce, ku nisanta ta daga hayaƙi.
Na ce, likita, murhun ba a ɗakina yake ba,
a bisa kanmu aka kafa shi,
kuma haya a inda iska ke da kyau
ba ta san mai wanki ba.

Iya Ronke ta kife kaskon ƙosanta, tari ya hana ta tsayuwa.
Baba Sikiru mai faci, da damina muka kai shi.
Ana cikin yi masa salla wani ya taso,
liman ya riƙe kabbara ta uku a baki
har ƙarar ta lafa.
Ko gawa a unguwar nan sai ta jira jirgi.

Akwai wani mai kawo mini wanki,
riguna masu zanen zinariya a kafaɗa.
Ya ce daga sama unguwarmu da dare
kamar an tsinke tsakiya ta watse, gwanin sha'awa.
Na ce, kana hango igiyata?
Ya yi dariya, sannan ya nuna mini wuyan riga:
wannan baƙin fa, Malam Ɗanjuma?
Ban ce masa kayansa ne ya dawo masa ba.
Na karɓa, na sake wankewa, ban caje shi ba.

Abin da ya fi ci mini rai,
Kubura har yanzu tana ɗaga musu hannu.
Ta ce in ta girma ita za ta tuƙa mai jar wutsiyar,
ta kai ni Makka, ta dawo da ni.
Na ce Allah ya nufa,
yi shiru haka nan, adana numfashin.

Gari ya waye. Ga baho, ga bula,
ga na asuba can yana ɗumama murya.
Na yarfe riga ta farko,
na ɗaga ta sama da hannu biyu,
fara fat,
na rataya.