Hoto Biyu a Bakin Isa

Ni Nomau, mai hoto, ɗan Adar.
Shekara goma sha tara kyamara na wuyana kamar laya,
igiyar ta ci fata ta bar shaida.
Na ɗauki suna, na ɗauki kokawa, na ɗauki ambaliya,
ban taɓa ɗaukar abin da rana ba ta riga ni gani ba.

Talata da hantsi, gangaren gada.
Jiragen kabewa sun iso, nauyi ya kusa nutsar da su.
Raƙumi da tabarmi zai tsallaka Harobanda
tsakanin taksi biyu, bai damu da odarsu ba.
'Yan wanki sun shanya Yamai kaf a kan ciyawa,
rigar likita kusa da wandon makaniki,
sabulu bai bambanta su ba.
Na ɗaga, na danna.

Sai hannu a kafaɗata.
Ɗan sanda, yaro,
gashin bakinsa bai gama shawarar fitowa ba.
"Wa ya ba ka izini? Goge."

Na ce, samari, ga katina, ga sunana.
Na san bariki, na san ƙofar da ba a nuna wa gilashi,
na girma ban taka wannan layin ba.
Amma nan gaɓar kogi ce.
Jaki ya sha, ɗan makaranta ya wuce,
kai ma da ka zo ba ka yi sallama ba.
In akwai doka, karanta mini ita,
in babu, kakinka bai zama takarda ba.
Mu je kwamisariya, ƙafata lafiya lau,
amma yatsana ba zai goge don tsawa ba.

Ya juya katin, ya duba hoton, ya duba ni.
Ya nemi gadar a ciki, bai same ta ba.
Ya ce, "To, a yi hankali."
Na ce, da shi nake cin tuwo.

Na juya ina jin kaina sarkin gaskiya,
sai wani ya fito daga ruwa,
kumfa har gwiwar hannu, idonsa bai bar ƙasa ba.
Harshensa na gidanmu ne, tun kafin ya faɗi suna.
"Abarshi nake, daga wajen Illela.
Malam, ina cikin abin nan?"

Yana ciki. Shi ne ma hoton:
bargo a sama, ruwa na tsiyaya kamar azurfa,
irin hasken da shekara ba ta ba ka sau biyu ba.

Ya ce, "Inna ta san ina Abijan, ina da shago.
Duk wata jikka goma na isa gare ta,
ba ta taɓa tambayar ƙamshin kuɗin ba.
Hoto kuwa ƙafa gare shi,
yau yana wayarka, gobe yana wayar ƙanwata."
Bai ce doka ba. Bai ce goge ba.
Ya tsaya kawai, kogi na ɗiga daga yatsunsa.

Titi na kowa ne, haka na ce ɗazu,
kuma ban janye ba.
Amma fuskar da ke tafe a kan titin
ba gwamnati ta shimfiɗa ta ba.

Na nuna masa, ya kalli kansa ya daɗe.
"Ashe haka bayana ya yi."
Na danna, allon ya yi baƙi.
Kyamarar ba ta rage nauyi ba.

A saman gangare yaron nan na jirana,
ya gyara hula, ya share takalmi da bayan wando.
"Baba, ɗauke ni ɗaya. Akwai wata a Konni."
Na ce, matsa hagu,
gadar na bayanka, kuma ba ka ba ni izini a rubuce ba.