Wayar Baba

Asuba uku a jere
akori-kurar Baba na kwana da rai, ta tashi gawa.
In murɗa makulli: ƙyas, ƙyas, shiru.
Kabeji na jirana a Farin Gada.

Sabon batir, kwana biyu ya suma.
Na wanke kawunansa da ruwan zafi da kanwa,
na tamke fambel har ya bar kuka.
Jar fitilar ko ƙiftawa.

Gyang rewaya bai taɓa dainamo ba.
Ya shige ƙarƙashi, bayansa kan ƙasa mai sanyi,
ya fito da 'yar waya ta yi kore,
wadda Baba ya naɗe da leda
tun ban iya tafiya ba.

"A yar?" in ji shi.
Na sa ta a aljihu.