Masu Tsaron Ƙofar Ruwa

Shekara talatin da ɗaya Baba Gambo yana riƙe da makullin ƙarfe
a bakin wata magudana, kusa da Sinnar.
In auduga ta langaɓe, ya murɗa ya saki ruwa,
in ta ƙoshi, ya ɗaure.
Ba ya duba takarda. Launin ganye yake dubawa,
ya tsoma yatsa a laka.
"Ruwa bawa ne, Hajjo," yakan ce da ni,
"amma bar shi dare guda ba mai tsaro,
ki wayi gari shi ne sarki."

Ashe akwai masu irin aikinsa a cikinsa,
su biyu, a ɓoye ƙarƙashin haƙarƙari,
kowanne bai kai dunƙulen hannuna ba.
Ba albashi, ba hutun Juma'a.
Ya sha shayi kofi huɗu, su buɗe ƙofa.
Ya ɗauki azumi ranar da kwalta ke narkewa, su tsuke ta,
su riƙa tattalin ɗigo kamar gwauruwa da sauran hatsi,
su auna gishiri, su mayar wa jini abin da yake bi,
su sallami saura.
Shekara saba'in, ba wanda ya ce musu sannu da aiki.

Sai ranar da ƙafarsa ta ƙi shiga takalmi.
Na danna da babban yatsa, rami ya zauna,
ya ƙi cikowa,
kamar sawun jaki a gonar da ruwa ya kwana.

Yanzu Asabar da Talata muna barin Mai Wurno da duku-duku.
Awadiyya ta ɗora shi a sikeli: sittin da biyu da rabi.
Awa huɗu jininsa na yawo cikin siririyar roba,
ya shiga inji mai ƙyafta ido, ya dawo gida.
Ta sake ɗora shi: sittin cif.
Kilo biyu da rabi na kogi
an kwashe daga jikin mutum.

Injin ya yi tsayin ɗan shekara goma,
yana cin wuta, yana tsuwwa in an motsa hannu,
in lantarki ya ɗauke, ɗakin duka ya yi tsit
sai janareta ta yi tari.
Duk da haka, in ji Awadiyya, ko rabin aikin bai iya ba.
Baba ya murmusa: "Sabon ɗauka ne. A yi masa uzuri."

A gida na ja layi da jan farce a jikin kofi.
Nan ne iyakar rabonsa.
Mutumin da ya shayar da gonaki ɗari
yana tsotsar ƙanƙara ƙwaya ɗaya, ido a rufe.
Ba ayaba. Ba dabino, ko da baƙo ya kawo.
Wakensa ba gishiri, yana ci yana hararata.

Jiya da la'asar yana zaune gefen randa.
Randar na zufa, cikinta na sanyi.
Ni ma na shigo jiƙe daga kasuwa,
rana ta gasa ni, jikina ya ƙi gasuwa.
Na ɗaga moɗa na sha, na ƙara,
ban ƙirga ba.
Sai na ga idonsa a maƙogwarona.
Na sauke moɗar, kunya ta kama ni.
"Sha abinki," ya ce. "Naki suna bakin aiki."

Da dare, da tarinsa ya lafa,
na kai tafin hannu bayana, wajen kwiɓi,
na saurara.
Ba ƙara, ba tsuwwa, ba fitila mai ƙyaftawa.
Can nesa kogi na wucewa ta inda aka bar masa.
Na ce, ƙasa-ƙasa don kada ya ji,
sannunku da aiki.