Ƙafa Sittin

A bayan ɗakin karatu, a kwalejinmu ta Argungu,
inda awakin maigadi ke kiwo da hantsi,
Malama Tasalla ta ja layi da toka,
ta cika tsofaffin buhuna huɗu da yashi,
ta ce, "Ga zango, ga zango, ga zango, ga gida.
Tsakanin kowane biyu ƙafa sittin.
Wadda ta zagayo gida, ita ta ci."

Hure ce ta fara ɗaukar kulkin.
Hure 'yar Gulma, da ta tashi a bugun shinkafa,
kafaɗunta sun san nauyin dami
tun hannunta bai san biro ba.
In ta maka wa ƙwallo
sai ka ce an fasa gora a Matan Fada.
Ya haye katanga, ya haye darbejiya,
balbelu su watse daga bayan shanu,
ita kuma ta zaga zangon nan tana taku ɗai-ɗai,
ba mai korarta.

Ni bahaguwa ce, kuma ba ni da auki.
Inna ta sha buge mini hannun nan a bakin akushi.
Malama ta dube shi, ta ce, "Wannan jari ne.
Tsaya ta nan, kin riga kowa da taku biyu.
Kada ki jira ƙwallo, ki tare shi kina gudu,
ki dangwara shi ƙasa,
tsakanin mai jifa da mai tsaron zango na uku,
inda kowacce za ta zaci na 'yar'uwarta ne."

Suka sa mini Tsakura.
Suka ce wannan ai ba duka ba ne, gaisuwa ce.
Na yi shiru, littafin Malama ya yi magana:
cikin goma Hure na dukan iska sau shida,
cikin goma ina kaiwa zango sau shida.
Amma littafin bai rubuta
yadda nake tsayuwa kan buhun yashi, rana a ka,
ina jiran wata ta kai ni gida ba.

Ranar da 'yan Jega suka zo da motar haya,
la'asar ta yi sakaliya, muna kunnen doki.
Na dangwara, na kai. Na saci zango. Na sake sata.
Ga ni a na uku, numfashi a wuya,
ga Hure ta kuskure sau biyu, saura ɗaya.
Masu tsaro duk sun ja baya har jikin katanga,
labarinta ya riga su sauka daga mota.

Ta dube ni.
Ta sassauta hannu.
Ta ɗan taɓa shi, taɓawar da ko kyau ba ta yi ba,
kamar mai ajiye ƙwai a faifai.
Ƙwallo ya gangara taku huɗu, ya kwanta cikin rairayi,
ba kowa kusa.
Ban san sa'ad da na iso ba,
sai dai gwiwata da ta bar fata a kan toka.

Hure aka ɗauka a kafaɗa. Mutum biyar suka ɗaga ta.
Ni ina gefe, ina ɗaure gwiwa da ɗankwali.

Da dare a ɗakin kwana, muna shan gari,
ta ce, "Ba zan ƙara ba, Tsakura.
Hannuna ƙaiƙayi yake, kamar na yi sata."
Na yi dariya, ban gaya mata ba
cewa bayan sallar asuba nakan ari kulkin,
in je filin ni kaɗai, awaki na kallona,
in cilla ƙwallo sama, in zage iya ƙarfina.

Jiya ya kai gindin darbejiya.
Balbela ɗaya ta ɗaga kai.