Biyu na Baya

Na shigo Marwa da hantsi, motar tana rawa,
in ta faɗa rami ɗaya sai ta yi tsalle uku
kafin ta tuna ita mota ce.
Landkuruza ce, ta girmi ɗana na fari,
fentinta ya koma launin lakar hanyar Maga.

Bakura ya leƙa ƙarƙashinta, ya fito da baƙin yatsa.
Ya ce, "Hamajoda, amotisa sun mutu,
duka huɗun, mansu ya tsiyaye tun damina."
Nan amotisa ake cewa,
direbobin Mubi su ce shokazoba,
ciwon dai ɗaya ne, a ƙugu yake sauka.

Ya jera mini su a kan tsohon buhu.
Ga na iska, ja wur, mai taurin kai:
"Loda masakwa har sama, ba zai ce uffan ba."
Ga na mai, baƙi, mai sanyin hali:
"Ya fi laushi, sai dai doguwar gargada da zafin rana
sukan gajiyar da shi."
Ga na kwance, rabin kuɗi,
an ciro shi daga motar da ba wanda ya san ajalinta.
Sai wani cikin kwali mai ƙyalli,
sunan da ke jikinsa harafi ɗaya ya ɓata.
Bakura ya ture shi da ƙafa, bai ce komai ba.

Na ɗauki jan, na danna da dukan ƙarfina,
ya turo ni baya kamar ɗan dambe.
Na ɗauki baƙin, na danna,
ya bi hannuna sannu sannu
kamar mai sauke tulu daga kan yarinya.

A nan na tuna daren da muka ɗauko Inna Astajam
daga Girbidik, ƙashin ƙugunta a karye,
kwance kan katifa a bayan motar nan
inda da safe kwandunan banda suke.
Ba ta yi kuka ba, ko sau ɗaya.
Sai a ƙofar asibiti, cikin hasken tocila,
na ga gefen mayafinta duk huji,
sawun haƙoranta ne,
kowane rami da nasa.

Garinmu ba wata motar.
Ita ce ta kasuwa, ita ce ta mai naƙuda,
ita ke kai gawa in makabarta ta yi nisa da ruwa.

Na ƙirga abin da ke aljihu, jaka arba'in da 'yan canji,
kuɗin albasa bai shigo ba.
Huɗu sun fi ƙarfina.
Na ce, "Ba ni baƙi biyu, na baya,
da sababbin robobi, kar ka mayar da tsofaffin."

Bakura ya ce, "Kai fa ke gaba.
Sitiyari zai ci gaba da dukan hannunka,
ga shi kaya za ka rage."
Na ce, "Ni ina ganin ramin kafin ya zo,
ina shirya masa.
Na baya ba sa gani."

Ya yi shiru, ya jawo jak.
Wani noti ya ƙi, tsatsa ta aure shi,
sai da aka sa masa wuta.

La'asar sakaliya muka kama hanyar Bogo.
Na sa Njidda, yaron mota, ya zauna a baya
riƙe da kofin shayi cike fal.
Na zaɓi ramin da na fi tsana,
wanda ke bayan gadar nan, na shiga.
Gaba ya buga, haƙorana suka haɗu.

Na leƙa ta taga, na ce, "Ya zube?"
Ya ɗaga kofin, ya duba.
Ya ce, "Kaɗan."
Ya shanye sauran.